Harbin Da Ban Yi Ba

Wata uku Kawu Arzika
bai bar ni na taɓa kunama ba.
Sai dai in karya bindiga,
in leƙa bakunanta biyu
har in hango sama ta ciki.
"Wadda ka rantse babu harsashi cikinta,
ita ka kashe mutum."

Sannan tsingaro.
Bayan gonar albasarsa a Wurno
yana wurga fasassun tukwane sama,
ni auduga a kunne, kafaɗa duk tsami,
ina ta harbin inda tsingaro ya baro.
"Ba inda yake ba. Inda za shi."

Ran da muka shiga fadama da asuba
fakara ta tashi, fur,
ƙasa-ƙasa bisa shinkafa.
Na bi ta. Yatsa na ƙaiƙayi.
Can bayanta wani abu ja ya motsa,
ban san ko mene ne ba.
Na sauke. Na karya.

Hular ɗan masunta ce,
ya duƙa yana duba ƙugiyoyinsa.

Kawu bai dube ni ba.
Ya fasa goro, ya miƙo mini ɓari.
Muka koma jaka wayam,
yana faɗa wa duk wanda muka tarar:
"Yau ɗan ga ya iya harbi."