Ɗan Tankifa

Ƙarfe biyun dare a Barnawa.
Janareta yana tari a bayan gini,
ni da allon kwamfuta mun zuba wa juna ido.

Tun magariba na kasa aikin gida goma sha biyu:
takardun albashin wata masaƙa da ta daɗe da yin shiru,
layi dubu ɗari takwas da 'yan kai.
Na ba kowane ma'aikaci kasonsa.
Ma'aikatan nan ba su da ciki, ba su da gumi,
ba mai neman kuɗin mota.
Lamba ce sunan kowa,
kowa da siririn koren zare a gabansa
yana ja daga hagu zuwa dama.

Na Uku sarkin garaje, ya kai tamanin.
Na Tara yana tafiyar hawainiya, amma yana tafiya.
Na Ɗaya ya gama tun ina shan shayin Ɗan'azumi,
ya naɗe hannu, bai tambayi kowa ba.

Na Bakwai ne.
Sittin da ɗaya cikin ɗari.
Na je na yi alwala na dawo, sittin da ɗaya.
Duk daƙiƙa goma yana aiko mini da kalma guda:
ina nan.
Ina nan.
To, ina nan ai ba ina yi ba ne.

Babana tankifa ne a Kakuri, shekara ashirin da biyu.
Fensir a bayan kunne, littafi mai jan bango a hammata,
auduga a gashin gira ko ranar Lahadi.
Yakan ce: ƙarar inji ba yadi ba ce,
je ƙarshen layi ka auna abin da ya fito.
Yakan kuma ce, da murya ƙasa-ƙasa,
bai taɓa rubuta wa mutum fashi ba
sai ya taka da ƙafarsa ya ga abin da ya tsayar da shi.

Yatsana yana kan maɓalli.
Dannawa ɗaya, in kashe Na Bakwai,
in tayar da sabo, in ce ya tsallake duk abin da ya cije.
Oga yana son rahoto ƙarfe takwas.
Wa zai ƙirga layi ɗaya a cikin dubu ɗari takwas?

Na janye hannu.
Na taka, irin takun da ake yi a zaune,
na buɗe littafin da yake rubuta sawunsa.

Ga shi.
Luka Ɗanbaki, sashen rini.
Ranar barin aiki: talatin da ɗaya ga Fabrairu.
Wani akawu, barci a ido ko yunwa a ciki,
ya ba bawan Allah ranar da Allah bai halitta ba.
Shi kuwa Na Bakwai, sarkin gaskiya,
sau dubu huɗu yana ƙwanƙwasa ƙofar kalanda
yana tambaya ko ranar tana ciki.

Na ɗauke masa Luka, na ajiye a gefe,
ban goge ba.
Zaren ya motsa. Sittin da biyu. Sittin da biyar.
Sai na ji wuyana ya saki.

Jimla ba ta fita sai na ƙarshe ya iso,
ko da sha ɗaya sun gama sun yi barci.
Na zauna jiransa
har ladan ya yi gyaran murya a ƙetaren kogi,
har motar burodi ta wuce.

Ƙarfe shida saura, kore ya cika allo.
Na rubuta wa oga: an gama, saura mutum ɗaya.

Na kwafi sunan a bayan rasit ɗin man janareta.
In na yi barci na tashi zan hau keke-napep zuwa Kakuri.
Akwai tsofaffi da ke dara a gindin mangwaro,
hannunsu har yau da sauran shuɗi a ƙarƙashin farce.
Wani cikinsu zai san ranar da Luka ya ajiye aiki.