Daga Ɗaya Zuwa Biyar

Tambaya ta goma sha bakwai ce ke ba ni wuya.
Ni na rubuta ta, a ofis mai sanyi cikin jami'ar Sebiliya,
kofi a gefe, labule a sake:
"Daga ɗaya zuwa biyar, yaya canjin yanayi ke taɓa lafiyarka?"
Na rungumi fayil na tsallaka kogi
zuwa unguwar Tiriyana, tsakiyar Yuli,
kwalta na kama mini takalmi kamar mai bin bashi.

Selestino mai gyaran rufi ya zaɓi biyu.
Ya ce zancen ƙanƙara ne da ke narkewa can ƙarshen duniya,
zancen jikoki ne, su za su gani.
Yana faɗa yana dafe kwiɓi, daidai ƙoda.
Bana sun koma fara aiki ƙarfe biyar na asuba.
Na ce me ya sa?
Ya ce, "Rana mana."
Na rubuta biyu. Aikina bai ba ni izinin gardama ba.

Wata ɗaliba ta danna biyar har takarda ta huje.
Barci ya ƙaurace mata, in ji ta, ta ma fasa tunanin haihuwa.
Wani direban bas ya ce 'yan siyasa suka turo ni,
ya rufe ƙofa,
ya sake buɗewa, ya miƙo mini ruwan sanyi.

Hawa na huɗu, matakala sittin da biyu,
na sami Donya Amfaro cikin duhun tagogi rufaffu,
jiƙaƙƙen tawul a wuya, fanka na kaɗa iskar da ta riga ta dahu.
Hoton Yusebiyo na kan rediyo, da hularsa ta zuwa kamun kifi.
Agustan bara ya tafi,
a dare na tara da gari ya ƙi hucewa.
Takardar asibiti ta ce zuciya.
"Zuciya ce," ta ce, "da ma yana fama da ita."
Na karanta mata tambayar a hankali.
Ta daɗe tana murza zoben aurenta.
"Sa ɗaya, 'yata. Ni kam ƙalau nake.
Wannan masifa ta mutanen talabijin ce."
Har na miƙe ta nuna mini keji a kusurwa, babu kowa ciki.
"Kanarinsa ya riga shi da kwana biyu.
Ban san abin da ya same shi ba."

Mu masu nazarin halin ɗan Adam muna da suna ga wannan,
muna auna shi, muna zana masa jadawali:
yadda zuciya ke tura haɗari nesa,
wata ƙasa, wani ƙarni, wasu mutane.
An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.
Ba a faɗi abin da za a yi wa wanda nasa ke ci
yana cewa ƙauri daga maƙwabta yake ba.

Da dare na zuba amsoshi ɗari takwas da goma sha biyu a kwamfuta.
Ta haɗa, ta raba, ta ba ni biyu da ɗigo huɗu.
Selestino na ciki, ƙodarsa ba ta ciki.
Babu gurbin da zan sa kanari.

Na buga wa mahaifiyata waya, can ƙauye.
"Kin sha ruwa?"
Ta ce in daina damunta, zafi ai kowace shekara ana yi.
Na ajiye waya, na shaƙi maganin asmata sau biyu,
na uku ke nan yau,
sai na lura ban taɓa cika takardar da kaina ba.

Na soke ta goma sha bakwai.
A ƙarƙashinta, da fensir, na rubuta:
"Wa ya yi rashin lafiya a gidanku bazarar bara?
A wane daren?"
Gobe zan sake hawa matakala sittin da biyu.