Dutsen da Muka Bari a Falo

Ni ne Barau birkila.
Shekara ashirin da shida ina riƙe wa Malam Jatau igiya.
Jaridu sun ce a zanen gini ba shi da na biyu.
Ni dai na san shi da fensir a bayan kunne
da takalmin da jar ƙasa ta cinye.

Ranar da aka kai mu fili a bayan Rayfield
wani dutse na zaune a tsakiya, ya fi tifa girma.
Mai fili ya ce, "Gobe a kawo nakiya."
Malam bai tanka ba.
Ya ɗora tafinsa a jikin dutsen
kamar mai duba zazzaɓin yaro,
can ya ce, "Wannan ya riga mu zuwa.
Baƙo ba ya tashin mai gida don ya shimfiɗa tabarma."

Kwana tara bai ja layi ko ɗaya ba.
Da asuba, sanyin Jos na yankan kunne,
zai zo da shayi a fulas, ya zauna
yana kallon inda rana ke fara taɓawa,
da hanyar da ruwan sama ya saba bi,
da gefen da ƙadangare ke shan hantsi.
Na ce, "Oga, siminti na daskarewa a sito."
Ya ce, "Barau, ƙasa na magana,
muryarta ce ƙasa-ƙasa."

Taga, in ji shi, ba rami ba ce a bango,
alkawari ce tsakanin mutum da wayewar gari.
Rufi in ya yi ƙasa
sai mutum ya riƙa sunkuyo ba don ladabi ba,
in ya yi sama da yawa
sai ya ji shi maraya ne a cikin ɗakinsa.
Ƙofa kuwa, a auna ta da mai shigowa da kaya a ka,
a kuma auna ta da ranar
da mutum huɗu za su fitar da mai gidan.

Wata Asabar ya tsayar da mota a hanyar Bukuru,
bakin tsohon ramin kuza.
Ruwa kore shar, ko motsi babu.
"Ka gani? An ɗiba ba a gaishe ta ba.
Ta yi shiru,
amma duk damina sai ta haɗiye ɗan wani."

Kada ku ɗauka waliyyi ne.
Sau uku ya sa na rushe bango guda
don inuwa ta faɗi inda bai so ba,
kuɗin kwana biyun nan har yau ban gani ba.
Akwai gidan da ya zana a Tudun Wada,
tun shekarar farko yake yoyo.
Da aka faɗa masa ya ce damina ma tana da haƙƙi.
Matar gidan ba ta yi dariya ba.

Amma dutsen yana nan a falo.
Muka zagaye shi da bango, muka buɗe masa taga ta sama.
Yini yake yana shan rana,
dare ya yi ya mayar da ɗumi a hankali.
Mai filin da ya nemi nakiya ya tsufa,
nan yake jingina bayansa in ciwo ya tashi,
jikoki sun sa wa dutsen suna,
sun ƙi gaya mini.

Bara Malam ya kwanta.
Na je dubiya, idonsa ya riga ya dushe,
ya ce in matsa masa gado kusa da taga,
ba don ya gani ba,
don ya san la'asar ta yi a fatarsa.

Ranar Talata muka ɗauke shi
ta ƙofar da ni na gina, shi ya auna.
Mu huɗu ne, ina gaba ta hagu.
Kafaɗata ba ta gogi bango ba.