Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya

Ƙarfe tara na dare a Kendal,
ruwan sama na ƙwanƙwasa taga kamar mai bin bashi.
Fergus ya tashi tun biyar,
ya bar mini kofinsa ba wanki
da 'yar ƙwayar cif da ba ta fi ƙwayar dawa ba.

Aiki ɗaya aka ba ta:
ta karɓi bolt ɗaya da ɗigo biyu a hannun batir guda,
ta miƙa uku da ɗigo uku
ga abin wuyan tumakin Misis Airey,
don a san kan tudun da suka kwana.

Ni adashi nake ganinta.
Ƙofa ta rufe, naɗin tagulla ya karɓi zubi,
ƙofa ta buɗe, a kwashe a dunƙule,
sau miliyan a daƙiƙa ɗaya.
Kuma banza ba ta kai zomo kasuwa:
duk tsawon da wuta ta ƙara,
batir ne ke biya da jininsa.

A kan tebur, lafiya lau.
Mako uku koriyar fitila na kashe mini ido.
Muka kai goma sha biyu kan tudu.
Daren da ƙanƙara ta sauka, bakwai suka yi gum.
Matar ta dawo da su a ledar burodi,
gashin tunkiya maƙale a maɗaurai.
Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi,
"Tumakina ba a kan tebur suke kwana ba."

Na zargi dalma, na sake narka ta.
Na zargi resista biyun nan masu rabon gado,
mita ta wanke su tas.
Fergus ya zargi masana'anta,
shi kullum laifi na can inda jirgi ya taso.

To yau ga ni durƙushe gaban firjin ofis.
Na cusa allon tsakanin ledar wake da askirim ɗinsa,
wayoyi biyu sun leƙo ta bakin ƙofa
kamar jelar ɓera.
Minti arba'in, gwiwata ta mutu.
Sai na gani a gilashin awo:
sanyi ya kama batir, ya rage masa numfashi,
rediyo ya buɗe baki zai yi kira,
layin ya faɗi war was,
cif ta suma, ta nemi tashi, ta kasa.

Shafi na goma sha huɗu, can ƙasa,
da rubutu kamar sawun tururuwa,
sun faɗa tun farko:
in tana tafe, kaɗan ya ishe ta,
amma tashi daga kwance yana son abin hannu.
Haka Gwaggo Barira ke cewa
duk ran da aka zo aron jarin man gyaɗarta,
da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Laifin ba na jirgi ba ne.
Ni na zaɓi ƙaramar kafasita don ta fi araha,
ni na tura ta can gefe
don allon ya yi kyau a hoto.
Rumbu ne na gina nesa da gida,
ranar yunwa ƙafa ta kasa kaiwa.

Na ɓamɓare ta. Na kawo babba,
na zaunar da ita gab da ƙafar cif, kafaɗa da kafaɗa.
Ƙarfen ya lashi ɗan yatsana,
na tsotse, na ci gaba.

Firji kuma. Jira kuma.
Sha ɗaya da kwata rediyo ya yi kira,
layin ya ɗan rusuna kamar mai gaisuwa,
ya miƙe.
Ya sake kira. Ya miƙe.

Ban yi guɗa ba, ɗaya ce cikin bakwai.
Gobe akwai shida,
akwai hawan tudu cikin taɓo,
akwai tunkiyar nan mai yagaggen kunne
da ba ta yarda a kama ta.
Askirim ɗin Fergus kuwa ya zama kunu.
Sai na tsaya a shago da safe.