Jinin Duna a Kan Gilashi

Ranar Talata, ruwa bai gama ɗaukewa ba,
Barau ya iso Samaru daga Bomo a kan babur,
kare cikin buhu, kai kawai a waje,
harshe ya zubo kamar tsohuwar igiya.

"Sunansa Duna," ya ce, ban ko tambaya ba.
"Gafiya bakwai ya kama a damina ɗaya.
Shi ya tare mugun dawa a gindin Kufena.
Yau kwana huɗu ko romo bai lasa ba."

Na ɗaga leɓensa: dasashi fari fat,
sai ka ce an cuɗe shi da toka.
Bayan kunne kaska ta ja sahu,
kowace ta yi tim kamar jiƙaƙƙen wake.

Ɗigo ɗaya na ɗiba,
na shafa shi siriri a kan gilashi,
ya sha iska, na zuba masa shuni.
Wuta ta ɗauke, kamar kullum.
Na ja madubin aiki bakin taga,
na ari hasken da hadari ya rage.

Ga su nan.
Bibbiyu cikin ƙwayar jini, kai haɗe da kai,
kamar hawaye biyu
da suka rasa kuncin da za su bi.
Ba ƙafa, ba haƙori, ba ƙaho.
Abin da ya kayar da mai kayar da mugun dawa,
ƙwayar gero giwa ce a gabansa.

"Sammu ne," in ji Barau.
"Akwai wani a Basawa, na san hannunsa."
Na ce, zo ka ga mai sammun.
Ya rufe ido ɗaya kamar mai saitin adaka,
ya daɗe a sunkuye, numfashi a riƙe.
"Wannan ɗin?"
Wannan ɗin.

Na ce masa, ba Bomo kaɗai ba ce.
Karen da ke kwana kan katifa a ƙasar ƙanƙara,
mai rigar sanyi da katin asibiti,
da karen makiyayi a bayan duwatsun da ban san sunansu ba,
da na bakin teku mai gwagwiyar kan kifi,
masu irin aikina a can sun leƙa,
sun ga hawayen nan biyu.
Wani wuri kaɗan, wani wuri birjik,
wani wuri ba wanda ya taɓa ƙirgawa,
kuma rashin ƙirga ba lafiya ba ce.
Kaska ba ta tsayawa a buga mata fasfo.

"Har karen Bature?"
Har shi.
Sai ya yi dariyarsa ta farko,
gajeriya, wadda ba ta kai ido ba.

Allura ta shiga, Duna bai ko motsa ba.
Barau ya warware kuɗi daga bakin hula,
a jiƙe, a dunƙule, ɗari uku ba su cika ba.
Na ce je ka. Na rubuta a littafi:
na goma sha huɗu a wannan wata.
Na sha uku bai kwana ba.
Wannan ban gaya masa ba.

Mako uku, ba labari.
Ran nan da sassafe na zo buɗe ƙofa,
na tarar da zabuwa ɗaure a jikin kwaɗo,
tana zagina da yarenta.
Ba kowa.
Sai sawun babur a cikin taɓo,
a gefensa kuma sawu huɗu-huɗu,
masu nisa da juna,
irin na mai gudu.