Lemon Tsami a Valparaíso

Kwana goma sha ɗaya ke nan
kujeru na rataye a ƙofar jami'a, ƙafafu sama.
Ruwan Yuli bai ɗauke ba,
iskar teku na shigowa ta tagar da ta fashe.

Ni ce mai jinyar dare.
Shugabar jami'a ta sa hannu a takarda:
asibiti ba ya rufuwa,
wanda ya zo da rauni kada a tambaye shi ɓangare.
Na liƙa ta a bango, ƙarƙashin agogon da ya tsaya.

Ƙarfe biyu aka shigo da Baltazar,
barkonon tsohuwa ya rufe masa ido.
Na wanke, na yanka masa lemon tsami.
Ya ce kada in kira uwarsa a Quillota.
Ban kira ba.
Na dai rubuta lambar a tafin hannuna.

Bayansa Ignacia, ba jini, ba ƙujewa,
ita ko zanga-zangar ba ta fita ba.
Bashin karatu ke cin ta,
da ƙawayen da suka daina gaishe ta.
Ciwon da bai kumbura ba ya fi wuyar ɗauri.
Shayi, bargo,
sai sunanta a littafin mai ba da shawara, ƙarfe tara.

Ta taga ina hango Farfesa Quilodrán
tsakanin yara da 'yan sanda, riƙe da laima.
Gwiwarsa na rawa. Bai matsa ba.

Gari ya waye,
su biyun na barci a benci ɗaya.
Lemo saura uku.
Na aika a ƙaro.