'Yan Rakiya

Manhaja ɗaya na nema, 'yar ƙarama,
ta riƙa buga wa Hajiya Lantana rasiti a shagonta na Kwari.
Na danna. Allon ya tambaye ni cikin ladabi:
za ta zo da wasu tamanin da bakwai, ka yarda?

Tamanin da bakwai!
Mutum ɗaya na gayyata, ya taho da unguwarsu.
Ga mai kula da sauti, alhali rasiti ba ya magana.
Ga na bidiyo, ga mai karanta rubutun Japanawa,
ga wani da ya zo don wancan ya zo,
wancan ɗin ma ba a san wa ya kira shi ba.
Kowa ya baje tabarma a cikin kwamfutata
yana shan datar da na saya da kuɗin cefane.

Sagiru, da muke raba benci a Titin Beirut, ya ce:
ai rigar kanti ce.
Wanda ya ɗinka ta bai san ka ba,
ya sa aljihu goma don kada wani ya rasa nasa.
In kana son daidai wuyanka, sayi yadi.

Na sauko da tushen rubutun,
na zauna bayan isha ina yanka:
kai babu, kai babu, kai ma koma gida.
Fankar na'ura tana huci
kamar a-daidaita-sahu a kan gadar Ƙofar Nassarawa.
Ana kashi sittin aka ɗauke wuta.
Na ƙarasa a teburin mai shayi, kusa da janareta,
kofi uku, sauro ba adadi.
Da asuba ta haɗu,
siririya, tana buɗewa kafin ka ƙifta ido.

Kwana uku ina taƙama.
Ran na huɗu Hajiya ta kira:
zo ka ga abin da ta yi wa sunayen mutane.
Ɗanjuma ya koma anjuma,
ɗan akwati a inda kansa yake.
Ashe cikin waɗanda na kora
har da mai lanƙwasa wa haruffa ƙugiya.

Na buɗe masa ƙofa, shi kaɗai.
Ya shigo da ƙannensa biyu. Na yi shiru.

Jiya sabon gyara ya fito.
Sagiru ya danna sau ɗaya ya tafi cin abinci.
Ni kuwa na aika wa mai shayi saƙo
ya ajiye min wurina na kusa da soket.